Sawun Mamaci a Bakin Gadar Ciyawa

Masu kai dankali kasuwa ne suka fara gani. Sun gangaro da kaya a baya da sassafe, hazo bai gama tashi daga kwazazzabon ba, suka iske inda gada take babu komai sai iska. Guntayen igiya ne kawai suka rage a jikin duwatsun da ake ɗaure ta, suna lilo kamar gashin da aka aske cikin fushi. Can ƙasa kogi yana ta rurinsa, kamar ba shi ne ya haɗiye ta ba.

Kafin rana ta ɗaga, duk garinmu Ankapata ya hallara a bakin kwazazzabon. A wancan hayin ma mutanen garin Sayri sun yi cirko-cirko, 'ya'yansu riƙe da jakar makaranta, babu hanyar ƙetarowa.

Saran gada ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da kanmu muke sare ta duk shekara bayan damina, idan mata sun gama tufka igiyar ciyawa, maza sun ja sababbin igiyoyi ta kan tsohuwar. Sai a sake ta ta bi ruwa, a sha giyar masara, a yi rawa. Amma wannan gadar daban take. Ita ce ta ƙarshe da Tayta (wato Baba) Hilarion, sarkin saƙar gada, ya yi kafin ya rasu a tsakiyar damina. Bayan doguwar gardama taron gari ya yarda a ba da ita ɗungurungum ga wani gidan tarihi na Lima, babban birnin ƙasa, kuma matar da suka turo, Doktora Amparo, ta daɗe a garin tana aune-aune da ɗaukar hoto. Wanda ya sare ta ya karya maganar taro, ya kuma datse hanya. Hukuncinsa sananne ne: a karɓe gonarsa, a raka shi iyakar gari.

Tayta Fortunato, shugaban gari, bai ɓata lokaci ba. Ya nuna Saturnino, almajirin marigayin, da sandar sarautarsa.

“Kai ne ka ce a gaban kowa gara ka gan ta a cikin kogi da ka gan ta a akwatin gilashi. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?”

“Na faɗa, Tayta.”

“To, ga ta a kogin. Hankalinka ya kwanta?”

Saturnino ya dubi ƙasa. Saurayi ne dogo, mai hannuwa kamar tushen itace, kuma ban taɓa ganin fuskar da shiru ya yi wa nauyi kamar tasa a ranar ba. Aka kulle shi a rumbun gari, aka sa ranar Lahadi bayan sujada don yanke hukunci.

Sai a lokacin Tayta Doroteo ya iso, yana tauna ganyen koka. Shi ne mai bin sawunmu. Idan ɓarayi suka kora shanu ko alfaka, dabbar tsauni mai ulu, shi ake kira, ya bi su ta kan duwatsun da ko akuya ba ta barin alama.

“Sannunku da aiki,” ya ce. “Garken tumaki ma da ya bar mini wani abu. Ku ja baya, don Allah.”

Ya gangara shi kaɗai. A ƙarƙashin dutsen da ake ɗaure igiya akwai wani lungu mai damshi inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Nan ya durƙusa ya daɗe. Da ya ɗago, Tayta Fortunato ya matso ya leƙa, sai ya yi alamar gicciye.

Dukkanmu takalmin taya muke sawa, kuma kowanne da zanensa. Na Tayta Hilarion kowa ya san shi, domin diddigen hagu ya taɓa tsagewa ya ɗinke shi da waya. Ga tsagar nan kwance a cikin laka, sabuwa fil. A gefenta an jera ganyen koka, an danne da tsakuwa, kamar yadda ake yi idan za a nemi gafarar kogi.

Maganar ta haura tudu kafin su hauro: mamaci ya dawo ya karɓi abinsa. Tayta Fortunato ya ce a'a, almajirin ne ya sa takalmin maigidansa don ya ruɗa mutane. Tayta Doroteo kuwa ya yanki guntun igiyar gefe, irin wadda ake dafawa, ya cusa a jakarsa.

* * *

Da farko Tayta Doroteo ya je wajen Tiburcio mai mota, domin duk ranar da gada ta faɗi, shi ne ke zagayawa da mutane ta doguwar hanya. Ya same shi kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa ne kawai a waje.

“Kompadre, aminina, na zo yi maka murna. Kasuwa ta buɗe.”

“Wace kasuwa? Wannan tsohuwar ta ƙi tashi tun shekaranjiya. Ka miƙo mini sifana in kana son lada.”

“An ce an ga fitilarka wajen gada.”

“Wa ya ce? Surukata ce ko? Ita ko tauraro ta gani sai ta ce ni ne na kunna.” Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. “Kompadre, ni da ko tsani ba na hawa? Ranar bikina a Sayri ɗaure mini ido aka yi aka ja ni ta kan gadar kamar jaki. Kana wurin, kai ka fi kowa dariya.”

Tayta Doroteo ya dubi ƙafar da ta kai faɗin garma, ya miƙa masa sifanar, ya wuce.

* * *

Doktora Amparo a gidan marigayin take sauka, wajen 'yarsa Leoncia, wadda ita kaɗai ta rage a gidan. Tayta Doroteo ya sami Doktora zaune a tsakar gida, idanunta sun kumbura. Leoncia ta kawo masa dafaffen dankali da cuku, ta gaishe shi ba tare da ta ɗaga kai ba, ta koma madafa.

“Na san abin da kuke cewa, Tayta,” Doktora ta ce. “Wai na zo in sa gawa a gilashi.”

“Mamita, uwata, mu dai mun ce gadar ɗaya ce tun zamanin kakanni. Ciyawar ce take canzawa.”

“Na karanta haka, na kuma yarda da rabinsa. Girgizar ƙasa ta rushe gidanmu ina yarinya. Mahaifiyata tana ciki. An sake gina gidan yadda yake, har launin ƙofa. Kowa ya ce ga shi ya dawo. Ni kuwa na shiga ina neman abu ɗaya da hannunta ya taɓa, ko cokali ne, ban samu ba. Za ku sake yin gada, na sani. Amma hannun Tayta Hilarion ba zai sake taɓa ciyawa ba.”

Ba ƙarya ta faɗa ba. Ya nemi ganin hotunan gadar. Ta baje masa su a kan bargo, tana nuna masa da zumuɗin da baƙin ciki bai kashe ba.

“Dubi nan. Waɗannan tsofaffin hotuna ne na da. Waɗannan kuma na bana. Ƙullin gefen Ankapata ya canza, ya fi ƙanƙanta, ya fi kyau. Mutum a ƙarshen rayuwarsa ya ƙirƙiro sabon ƙulli. Na ce a Lima za mu warware shi zare-zare, mu rubuta yadda ya yi, duniya ta sani.”

“Wa kika gaya wa?”

“Leoncia kawai, jiya da yamma muna cin abinci. Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta tashi ta fita. Na ce kewar uba ce.”

A cikin madafa, ƙarar wanke tukunya ta tsaya.

* * *

Saturnino yana zaune a kan buhun busasshen dankali lokacin da aka buɗe wa Tayta Doroteo rumbun.

“Ni ne, Tayta,” ya ce tun kafin a tambaye shi. “Ka daina wahalar da ƙafarka.”

“Madalla, ka hutar da ni. Da takalmin maigidanka ka je?”

“Da shi.”

“Miƙo ƙafarka.”

Ya miƙo. Tayta Doroteo ya auna ta da tafin hannunsa, ya girgiza kai.

“Hilarion ɗan ƙaramin mutum ne. In ka cusa wannan a takalminsa, yatsunka za su ja ƙasa. Wanda ya taka lakar can, diddigen takalmin ko nutsewa bai yi ba, domin ƙafar ba ta kai can ba. Ƙafa ce da ta fi ta Hilarion ƙanƙanta, kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta saba da takalmin. Ɗana, wa kake rufawa asiri?”

“Na ce ni ne.”

“Gonar uwarka za su karɓa. Ka san haka?”

Saturnino ya janye ƙafarsa, ya juya fuska ga bango.

* * *

Da yamma Tayta Doroteo ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana juya guntun igiyar. Matarsa, Mama Macaria, tana kaɗi a gefensa.

“Ka tasa ciyawa a gaba kamar saniya. Miyarka ta huce.”

“Shekaruna nawa ina ɗaure kaya, ban san wannan ƙullin ba.”

Ta leƙo da wasa. “Ina za ka san shi? Ka taɓa zama a gaban masaƙa? Ai ƙullin bakin zane ne, wanda muke rufe saƙa da shi kada ta warware. Kowace yarinya...”

Mazarin ya tsaya a hannunta.

Suka dubi juna. Mata su ke tufka igiya, amma ranar saƙar gada mace ba ta gangarawa bakin kogi. Haka muka taso muka gani. An ce kogin mai kishi ne, in mace ta taɓa aikin sai ya karɓi rai.

“Jefa shi a wuta,” ta ce a hankali.

“Kin sani ke nan.”

“Wace mace ce a garin nan ba ta sani ba? Mu muke ratsa gadar da tulu da goyo, hannunmu a kan igiyar. Ku maza gaba kawai kuke kallo. Hannun Hilarion ya daɗe da mutuwa kafin shi. Ko cokali ba ya iya riƙewa. Kun yi zaton me ya sa a 'yan shekarun nan yake korar kowa zuwa kan tudu, wai kogi yana son shiru?”

“Kuka yi gum.”

“Da mu faɗa a yi me? Ƙanƙara ta kashe dankali, a ce ita ce. Uban ya mutu, a ce ita ce. Doroteo, yarinyar ba ta da kowa.”

“Shi yaron yana da uwa makauniya.”

“To ka zaɓa, tunda kai ne mai ido.”

Ya daɗe yana kallon murhu. Bai jefa ba. Miyar ma bai sha ba.

* * *

Ranar Lahadi aka taru a filin coci, maza a kan benci, mata a ƙasa da faffaɗan siket ɗinsu kamar furannin da iska ta zubar. Mutanen Sayri sun zagayo ta doguwar hanya. Aka fito da Saturnino. Tiburcio yana nan, Doktora tana nan, Leoncia tana can ƙarshen layin mata da baƙin mayafi.

Tayta Fortunato ya ce yaron ya amsa laifinsa, saura hukunci. Tayta Doroteo ya miƙe.

“Taytoci, iyaye mata, ku ba ni kunne kaɗan. Ba mamaci ba ne, domin mamaci ba ya neman gafarar kogi, sun riga sun zama maƙwabta. Ba Tiburcio ba ne, wannan ko kan kujera ya hau sai jiri ya kwashe shi.” Aka ɗan yi dariya, ta mutu nan take. “Ba kuma Saturnino ba ne. Ƙafarsa ta fi takalmin. Ƙarya yake yi, irin wadda ban iya jin haushinta ba.”

“To wane ne?” Tayta Fortunato ya tambaya.

“Ni sawu nake bi, Tayta. Sawun ya kawo ni nan ya tsaya.” Ya fito da guntun igiyar, ya wuce benci, ya ajiye shi a ƙasa gaban mata. “Wanda ya ɗaure wannan shi ya sare shi. Ba don ƙin gadar ba. Don kada a warware ƙullin a Lima a ga hannun da ke ciki.”

Babu macen da ta dubi igiyar. Wannan rashin kallon shi ya gaya wa maza komai.

“In babu mai magana,” Tayta Fortunato ya ce, “wanda ya amsa shi zai ɗauka.”

“Ni ce, Tayta.”

Leoncia ta miƙe. 'Yar siririya ce, amma ta tsaya kamar an kafa ta.

“Tun da hannun babana ya mutu, ni nake saƙa gefenmu. Ina sa bargonsa da malafarsa da takalminsa, shi yana zaune a lungun dutse yana gaya mini abin da zan yi. Daga kan tudu bayana kawai kuke gani. Ƙullinsa yana son ƙarfin da ba ni da shi, sai na yi wanda na iya. Ya roƙe ni kada sunansa ya zube bayan ransa. Da Doktora ta ce za a rubuta, na ga ko dai a rubuta ƙarya a ajiye ta har abada, ko a gano gaskiya a tozarta shi. Sai na ba kogi, kamar yadda ake ba shi kullum. Na yi wa 'ya'yan Sayri laifi, wannan na sani.”

Filin ya ruɗe. Wani dattijo daga Sayri ya ce shi ya sa ƙanƙara ta cinye musu gona. Wani ya ce kogin ne ya karɓi Hilarion a madadinta. Tayta Fortunato ya buga sanda, ya juya ga Saturnino.

“Kai kuma ka sani?”

“Tayta, masaƙa biyu a tsakiya suke haɗuwa, ni daga hayin Sayri nake tasowa. Shekarar farko na iso tsakiya, na ɗaga kai in gaishe da maigidana, sai na ga idonta a ƙarƙashin malafa. Ƙasa babu komai sai ruwa. Ta ce, ‘In za ka yi ihu, ka bari in gama wannan ƙullin tukuna.’ Ban yi ihun ba. Tun ranar ba na ganin kowa sai ita.”

Leoncia ta rufe fuska da mayafi. Na rantse, ko iskar filin sai da ta tsaya.

Doktora Amparo ta nemi izinin magana. Fuskarta ta yi fari.

“Na zo neman hannun Tayta Hilarion, na tsaya a gaban abin da hannunsa bai taɓa ba ina kuka. Ban san abin da zan yi da wannan ba tukuna. Amma gidan tarihi ba zai kai ƙara ba. Maganata ce ta tura ta bakin kogi.”

“Wannan tsakaninki da Lima ne, Mamita,” Tayta Fortunato ya ce. “Namu daban. Dutse bai sa gada ta zama tamu ba, ciyawa ma haka. Hanyar da ake bi a yi ta ita ce gadar. In an karya hanyar, me muka ratsa a shekarun nan? Igiya ce kawai.”

Mama Macaria ta amsa daga ƙasa, ba ta ko miƙe ba. “Igiyar ce ta ɗauki jikarka ranar da naƙuda ta zo mata da gardama, Fortunato. Ban ji ka tambayi wa ya ɗaure ta ba.”

Tayta Fortunato ya ce a ɗaga hannu, wa ya yarda a raka Leoncia iyakar gari. Shi ya fara ɗagawa, idonsa cike da hawaye, domin shi ne ubangidanta na baftisma. Maza da yawa suka bi shi. Da aka zo ga masu cewa ta zauna, hannuwan maza ba su kai ba, sai gwaurayen mata masu riƙe da gonakin mazajensu, waɗanda suke da murya a taro amma ba su taɓa amfani da ita ba, suka ɗaga nasu ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar aka rinjaya. Aka yanke cewa za ta yi wa Sayri aikin gona har girbi, gonarta kuma ta tsira. Aka saki Saturnino, ya tafi kai tsaye wajen uwarsa ya durƙusa.

Batun wanda zai saƙa gefenmu ba a yanke shi ba, domin babu wanda ya iya furta tambayar. Da lokaci ya yi, aka harba zare zuwa hayin Sayri da majajjawa, aka ja igiyoyi, aka nemi namijin da zai hau, ba a samu ba. Leoncia ta gangara, rabin gari ya juya baya.

Gadar tana nan, muna ratsa ta. Amma akwai gidajen da tun ranar ba su sake taka ta ba. Tayta Fortunato yana cikinsu. 'Yarsa tana aure a Sayri, in ya tsaya a bakin kwazazzabo yana hango hayaƙin madafarta. Duk ranar da zai je ganinta sai ya tashi da asuba ya bi doguwar hanya a ƙafa, da tsufansa, ya isa bayan rana ta karkata.